Abin da Na Binne a Saga

Kafin ku yanke mini hukunci, ku bari in fara ba ku labarin zabin Inna guda biyu da suka mutu a banza. In kun ji, sai ku faɗi abin da za ku faɗa.

Sunana Tabita, ɗiyar Malam Yohanna mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, nan Yamai. Asalinmu Dogon Dutsi, aiki ne ya kawo Baba birni. Shekaruna ashirin da biyu, ina ɗinki a zauren gidanmu, kuma duk unguwa ta shaida ban taɓa bin namiji da ido ba sai ranar da Tanimu ya kawo wandonsa a rage masa tsawo. Watanni kaɗan ke nan da samun 'yancin kai, kowa na son sabbin kaya, kowa na maganar wa zai gaji kujerar wane Bature. Na rage wandon, ya dawo ya ce ya yi gajere. Na ƙara, ya dawo ya ce ya yi tsawo. A zuwa na huɗu Inna ta leƙo ta ce masa in ƙafafunsa ne ke sauyawa ya je asibiti, in kuma wata magana ce ya turo manya.

Aikin Tanimu ban taɓa bayyana wa ƙawayena shi ba tare da sun yi dariya ba. Can bayan Saga, inda gonakin shinkafa suka ƙare yashi ya fara, akwai wata 'yar tasha da wani Bature ke riƙe da ita. Ofis ɗaya ne, sai wani ɗaki shi kaɗai a tsakiyar fili, ba taga, an kewaye shi da fararen duwatsu. A cikin ɗakin akwai ɗan mayen ƙarfe da bai kai farce ba, rataye da zare mai sirin gashi, da ɗan madubi a jikinsa. Haske na bugun madubin yana faɗawa kan takardar hoto da ke juyawa a hankali dare da rana. In mayen ƙarfen ya motsa, hasken ya rubuta. Kowace safiya Tanimu ya cire takarda, ya wanke ta, ya sa sabuwa. Baturen zai koma ƙasarsu ƙarshen shekara, manyansa kuma sun ce ko dai a samu ɗan ƙasa da zai riƙe tashar ba kuskure, ko a kwashe kayan a rufe. Tanimu ne ɗan ƙasar.

Sau ɗaya ya kai ni, tare da Goggo Esta, ƙanwar Baba, wadda aka haɗa mu da ita don ta sa ido. A bakin duwatsun nan maigadi, Baba Jibo, tsohon soja Bazabarme, ya miƙo mana ƙwarya ya ce a zuba ƙarfe. Dokar wurin ke nan, ba a ƙetare layin ko da ƙusa. Na cire 'yan kunne, na cire fil ɗin ɗankwali, na zare allurar da kullum ke maƙale a bakin zanena. Goggo ta ƙi rabuwa da makullanta, aka bar ta a inuwa tana tsaki.

A bakin ƙofar ɗakin Tanimu ya yi mini bayani. Ya ce duniya kanta babban mayen ƙarfe ce, ƙarfinta ya lulluɓe mu kamar rumfa har can sama inda ido ba ya kai. Rana kuma ba haske kaɗai take aikowa ba, akwai wani abu da ke kwararowa daga gare ta ba fasawa, wasu masana sun fara kiransa iskar rana, ko da yake ba ta kaɗa ganye. Yawanci rumfar ke tare ta, ta zame ta gefe kamar ruwan kogi in ya tarar da dutse. Amma wani lokacin rana ta yi aman wuta, bayan kwana ɗaya ko biyu guguwar ta iso, ta danne rumfar ta girgiza ta, sai ɗan mayen ƙarfen ɗaki ya kama rawa, rediyoyi masu kamo nesa su kurmance.

Na tambaye shi, to in mutum ya shigo da ƙarfe fa? Ya ce rana in ta yi rubutu karkace-karkace take yi, sama da ƙasa. Ƙarfe kuwa tsalle ɗaya yake sa layi ya yi, ya tsaya can kamar matakala, daga nan kuma duk abin da aka rubuta ya zama abin shakka.

"Shi kaɗai ne abin da Mushe ba ya yafewa," in ji shi. Haka suke kiran Baturen.

A ranar, da kunnen masoyiya na saurara. Ban san akwai ranar da zan nemo maganar nan in wasa ta kamar wuƙa ba.

Aka sa ranar da manyansa za su zo neman aure. Kafin nan sai aka aike shi Agadas yin awo na mako uku, abin ma ya zo daidai, domin kawunsa da zai shige masa gaba can yake aiki. Shirin shi ne su biyo jirgin Asabar tare, Lahadi bayan an tashi daga majami'a su iso gidanmu. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce in wani abu ya gitta zai bugo tangaraho. Na ce kada ma ya bari ya gitta.

Na ɗinka wa kaina riga da zane na atamfa mai ruwan lemo da kore, hannun rigar mai tattara, wuyan na yi masa aiki da farin zare har idona ya yi ja. Sau uku na goge su da dutsen gugar Inna, wannan mai cin gawayi, mai ɗan zakara a baki. Sunansa ne dutse, amma baƙin ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya kai na jariri. Mariƙinsa ya tsage tun bara, don haka na naɗe shi da ƙyallen da ya rage daga atamfar. Inna ta sa aka kawo sabuwar shinkafa daga Saga. Ta kama zabinta biyu da take tattali tun suna 'yan tsaki, ta miƙa aka yanka. Baba ya gayyaci fasto da dattawa uku, ya aro bencina biyu daga lakwal, ya sa farar babbar rigarsa.

Tun Asabar ɗin rediyon Baba ya ƙi magana. Yana kunnawa sai shuuu, kamar ana soya ruwa. Ya sauya pil, wato batir, ya mari gefensa, ya ɗaga waya har saman darbejiya, a banza. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Lahadi ƙarfe ɗaya baƙi suka zauna. Ƙarfe biyu Inna ta sake ɗumama miya. Ƙarfe uku fasto ya fara labarin Yakubu da ya yi shekara bakwai yana jira, ba wanda ya yi dariya sai shi. Ni ina ɗaka a zaune bakin gado kamar hoto, ba na jingina don kada riga ta yamutse. Ta tagar ina hango Baba. Ya fita ƙofar gida ya tsaya cikin rana, hannu a baya, duk motar da ta taso sai ya gyara hula. Mutumin da yara ɗari ke miƙewa in ya shiga aji. Ya tsaya nan har inuwar katanga ta rufe shi, maƙwabta na wucewa suna gaishe shi da gaisuwar da ta fi zagi ciwo.

Da yamma dattawa suka ci zabin, suka yi addu'a, suka tafi suna cewa ƙila hanya ce. Goggo Esta ta shigo ɗaki ta tsaya a kaina ta ce ita dama ta faɗa, mutumin da ke gadin ɗaki ba taga ba zai san ƙofar mutane ba. Ta ce ga Garba mai aikin asibiti, shekara biyu yana gaishe ta da ladabi, da babur ɗinsa da komai, amma na nace sai mai duban rana. Na cire rigar na ninke.

Litinin da safe Baba ya mayar da bencinan. Bai nemi kowa ya taya shi ba. Ya ɗora ɗaya a ka ya kai, ya dawo ya ɗauki na biyu, ya bi ta gaban masu shayi da duk suka san dalilin aro. Bai ce mini komai ba, ko kallon zargi bai yi mini ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ba tangaraho Litinin. Ba tangaraho Talata. Na fara tunanin ko jirgi ne ya faɗi, na yi kuka, na roƙi Allah ya bar mini shi ko da gurgu ne. Ku dubi wauta.

Laraba da hantsi sai ga Baba Jibo bisa kekensa. Ya ce fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ya miƙo mini 'yar takarda da aka yago daga littafin awo. Na buɗe.

"Na sauka lafiya. Rana ta yi abin da ban taɓa gani ba, ba zan iya barin ɗakin ba. Sai Lahadi. Naki, T."

Na karanta sau uku ina neman kalmar haƙuri, ko a bayan takardar. Babu. Na tambayi Baba Jibo yaushe Tanimu ya dawo. Ya ce tun jiya Talata, daga tashar mota kai tsaye ya wuce Saga, Mushe na kwance da zazzaɓi, shi kuwa Tanimu ko takalmi bai cire ba, yana ta murna kamar wanda matarsa ta haihu.

Murna. Tun jiya yana garin nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a keke ba, yana murna. Ubana ya ɗauki benci a ka, shi kuma ya aiko mini da "sai Lahadi", kamar mai ɗaga ranar karɓar ɗinki. Kukan ya tsaya cak. Na ce wa Baba Jibo ba amsa, ya gaishe shi.

Ranar duka ina taka keken ɗinki ina lissafi. Mari ba zai yi masa komai ba. In na auri Garba zai yi baƙin cikin wata ɗaya ya koma wa takardunsa. Abu ɗaya ne a duniya in an taɓa zai ji yadda Baba ya ji, kuma shi da bakinsa ya gaya mini yadda ake taɓa shi. Ina so ya tsaya gaban wanda yake jin nauyinsa, a tambaye shi, ya rasa amsa. Idona ya sauka kan dutsen guga a gindin tebur, ɗan zakaran bakinsa na kallona.

Alhamis bayan azahar na zubar da tokarsa, na sa shi a ƙasan babbar ƙwarya, na rufe da tsumma, na ɗora kwanon shinkafa da miya a sama, na kife da faifai. Na ce wa Inna zan kai ɗinki Gamkalle. Na sa atamfar nan mai ruwan lemo, don in ba a gan ta ranar da aka ɗinka ta dominta ba, to a gan ta yau. Na bi hanyar bakin kogi a ƙasa, ƙwarya a ka, wuyana na sagewa. Mata na yankan shinkafa suna ɗaga kai suna mini sannu, a zatonsu abinci zan kai wa miji gona.

Baba Jibo na ganina ya washe baki.

"Amarya ta huce ke nan. To, zuba ƙarfe."

Na cire 'yan kunne na zuba a ƙwaryarsa. Na cire fil. Na zare allura, har na ɗaga masa ita ya gani. Ya kalli ƙwaryar kaina ya ce wannan fa? Na ce abinci ne, kwanon ma na ƙasa ne. Ya yi dariya ya ce abincin amarya ba ya buƙatar bincike. Ya ce Tanimu ya samu ya kwanta a ofis, kwana biyu bai runtsa ba, in bi a hankali.

Ban nufi ofis ba. Da ya juya zai yi alwala na ƙetare duwatsun, na zaga bayan ɗakin nan marar taga. Yashin wurin laushi gare shi. Na tona da hannu har gwiwar hannuna ta shige, dab da bango, na sa dutsen gugar, na mayar da ƙasa, na share da tafin ƙafa. Ina jin wani agogo a cikin ɗakin yana bugawa ta bango, ƙyas, ƙyas. Zuciyata ba ta buga da sauri ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro daga baya. Daɗi na ji, irin daɗin sosa ƙurji.

Da na fito na ce wa Baba Jibo tunda mai abincin na barci, shi ya ci. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka da Hausa ya ƙara da Zabarmanci. Na mayar da 'yan kunnena na kama hanya.

Juma'a da safe, ina share zaure, mai raba wasiƙu ya yi sallama ya miƙo shuɗiyar takardar tangaraho. Baba bai tafi lakwal ba tukuna, shi ya karɓa. Ya sa tabarau ya karanta da Faransanci, sannan ya juya wa Inna da Hausa. Jirgi bai tashi ba, rediyon filin jirgi ta mutu. Ina tahowa da kamiyo, babbar motar kaya. Kawu zai biyo jirgin Asabar mai zuwa. A ɗaga zuwa Lahadi ta gaba. A ba Baba haƙuri, a ba Tabita haƙuri.

An buga ta tun Asabar, ƙarfe goma na safe. Mai wasiƙun ya ce ba tamu kaɗai ba ce, saƙonnin arewa ta iska suke zuwa, iskar kuwa ta yi kwanaki ba ta ɗaukar magana, sai yanzu suke ta rabon tsofaffin labarai, har da na wanda aka ce a tarye shi a tasha ga shi ya riga ya kwana huɗu a gida. Baba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya juya ya kalli rediyonsa da ke kan tebur, wanda tun jiya ya dawo da magana garau, ya ce, "Ashe ba pil ba ne."

Kuna jira in ce na faɗi ina kuka. Ban faɗi ba. Na dai dafa bango, gaskiya ne. Amma wata murya a raina ta ce, to sai me? Tangaraho ta yi masa shaidar Asabar da Lahadi. Wa zai yi masa shaidar Talata da Laraba, da yana garin nan bai tako ba? Na riƙe muryar nan da hannu biyu, don in na sake ta ban san abin da zai rage mini ba.

Da la'asar Tanimu ya zo. Ya rame, idanunsa sun faɗa, wandon da na yi ta ragewa ina ƙarawa duk jar ƙasa. Yana riƙe da wata doguwar takarda a naɗe. Da ya ji cewa sai yau saƙon ya iso, kuma an yi taro an watse, sai ya zube gaban Baba gwiwa biyu. Ya ce shi duk zatonsa mun sani tun Asabar, da ya san an zauna jiransa da daga tashar mota nan zai fara zuwa. Baba ya ce ya tashi, abin da ya sauko daga sama ba a tuhumar ɗan adam da shi. Inna ta kawo ruwa, ta ce amma zabinta sai ya biya da wasu, aka yi dariya.

Ya warware takardar a kan tabarma ya nuna wa Baba. Ga layin ranakun lafiya, yana tafiya sumul, ya ɗan hau tudu da tsakar rana ya sauko. Ga inda guguwar ta bugi rumfar duniya, layin ya zabura sama, sannan ya rufta ƙasa ya yi ta karkarwa kwana da kwanaki. Ya ce kafin ta farko ta lafa rana ta sake aiko wata, shi ya sa ya kasa motsawa. Ya ce masu tashoshi irin tasu a ƙasashe da yawa za su haɗa takardunsu a gwada, kuma tamu ta nan kusa da tsakiyar duniya tana da daraja. Baba ya sunkuya yana bin layin da yatsa kamar ɗalibi. Ni ina tsaye bakin ƙofa, na ga akwai ƙarshen takardar da bai warware ba, ya danne shi da gwiwa.

Da Baba ya koma kujerarsa ya kunna labaran yamma, Tanimu ya nemi izinin magana da ni. Muka koma zaure. Na zauna bayan keken ɗinki, don ya zama akwai abu tsakaninmu. Ya warware sauran takardar a kan teburin keken, ya sa yatsa.

Ko ni da ban yi karatun ba na gane. Layin na tafiya, sai ya yi tsalle ɗaya a miƙe, ya ci gaba a sama. Matakala.

"Jiya Alhamis, ƙarfe huɗu saura minti ashirin," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Takardar tana rubuta lokaci, Tabita. Wannan ban gaya miki ba ranar."

Na ce ƙila rana ce. Ya ce na fi kowa sanin ba ita ba ce. Ya ce da safe Mushe ya taso daga zazzaɓi ya ga matakalar, ya yi jifa da kofi. Shi kuma ya ɗauki busol, 'yar na'urar nan mai nuna arewa, ya zaga ɗakin taku-taku har ta karkata a bayan bango. Ya tona shi kaɗai.

"Na ga zakaran. Na ga ƙyallen da aka naɗe mariƙin." Ya kalli rigar da ke rataye a ƙusa bayana, mai ruwan lemo da kore. "Na mayar da ƙasa na rufe. In na cire, layin zai sake tsalle, Mushe ya tambaye ni me na cire."

Na tambaye shi me Baba Jibo ya ce. Ya ce Mushe ya tsare shi da tambaya awa guda, tsohon ya tsaya ƙam kamar a fareti ya ce ba wanda ya ƙetare duwatsu jiya. Shinkafata na cikinsa yana faɗin haka. Nan ne kaɗai na kasa haɗa ido da Tanimu.

Ya ce an ba shi zuwa Litinin. In ba a samu bayani ba, Baba Jibo zai tafi, bayan shekara tara a bakin layin nan. In shi Tanimu ya ce sakacinsa ne, Mushe zai rubuta wa manyansa cewa ɗan ƙasa bai iya ba, a kwashe kaya. In kuwa aka san abin da aka sa, da lokacin da aka sa, da lokacin da aka cire, ana iya auna nauyinsa a kan layin a gyara lissafi, takardar ta tsira. Amma sai an faɗi suna, kuma sunan zai kai kunnen kawunsa kafin Lahadi.

"Ban zo in tilasta miki ba. In kin ce in ɗauka, zan ɗauka."

Kun ji shi ko? Har a nan ma shi ne mai kirki, ni ce muguwa. Wannan sanyin nasa ya sake hura mini wuta. Na ce masa ya san Baba ya tsaya a rana awa huɗu? Ya san wa ya mayar da bencina? Ya ce yanzu ya sani. Na ce Talata da ya sauka, da ya ratso ta nan minti biyar, da mayen ƙarfensa ya mutu ne? Ya ce a'a, da bai mutu ba. Ya ce gaskiya ko da saƙon ya iso, ya kamata ya zo, ɗoki ne ya ɗauke shi.

Abin da nake son ji ke nan tun Laraba. Na ji shi, kuma bai cika mini ciki ba kamar yadda na zata.

Sai muryar Inna daga tsakar gida. Tana tambaya ina dutsen guga, tun jiya take nema, tana son ta goge farar rigar Baba tun yau kafin Lahadi ta matso. Ta ce ko na ba Esta aro ne?

Tanimu ya sunkuyar da kai yana naɗe takardarsa. Ya ba ni hanya, ƙarya ɗaya ƙarama ta isa. Na tuna tsohon nan yana karɓar kwano da hannu biyu.

Na ce masa a hankali, gobe da tsakar rana zan je in tone shi da hannuna a gaban Baturensa, takardar ta rubuta lokacina sau biyu, a bar Baba Jibo da ƙwaryarsa. Amma shi ma akwai nasa. Bencinan Lahadi shi zai ɗauko su daga lakwal, a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ta gaban masu shayi. In kawunsa ya ji abin da na yi ya fasa zuwa, to shi zai mayar da su, ta hanyar da ya kawo su. Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce ya yarda.

Na miƙe, na ɗaga labulen zaure. Inna na tsaye da rigar a hannu, Baba na kujerarsa kunne a jikin rediyo.

"Yana Saga, Inna. A ƙasa yake, bayan ɗakin awon Tanimu. Ni na binne shi jiya, don in ɓata masa aiki."

Inna ta saki rigar ta faɗi a ƙasa. Baba bai juyo ba. Ya miƙa hannu a hankali ya murɗa maɓalli, mai labarai ya yanke a tsakiyar magana. Tun da aka sayo rediyon nan, ko ranar da ake ta shuuu, ban taɓa ganin Baba ya kashe shi da hannunsa lokacin labarai ba.

Ya cire tabarau ya ninke, ya dube mu, ni da Tanimu, ya nuna tabarmar da ke gabansa.

"Ku zo ku zauna, ku biyun."